Bikin Cikar NASA Shekara Hamsin

A shekarar 2008, yayin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, wadda ta soma aiki ran 1 ga Oktoba 1958, ta cika shekara hamsin, shugabanninta ba su wadatu da walima da jawabai ba, sai suka ga ya wajaba su fito da ilminsu bainar jama'a, domin kuwa da harajin talakawa ake ƙera kumbunanta, wanda ya biya kuma yana da haƙƙin a yi masa bayani. Saboda haka, a bikin al'adu da cibiyar Smithsonian ke shiryawa kowace shekara a birnin Washinton, sai ga 'yan sama jannati da injiniyoyi cikin rumfuna, yara da manya suna ta jero musu tambayoyi, su kuwa suna amsawa.

Shaihin malamin nan Stephen Hawking, duk da lalurar da ta hana shi magana sai ta na'ura, shi ma ya gabatar da lacca albarkacin cikar NASA shekara hamsin a cikin watan Afrilu na shekarar, inda ya yi kira ga bil'adama da su nemi matsuguni a duniyar wata da duniyar Mars. Alhali kuwa, a ganina, zaman rumfunan nan ya fi laccar fa'ida ga talaka.