Sharaɗin Inshorar Lafiya Wajen Neman Bizar Zama: Misali Daga Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

1.0 Gabatarwa

Kalmomin "biza" da "inshora" duka na aro ne, amma sun daɗe da zama 'yan gida a bakin Bahaushe. A ofisoshin ƙasar Sudan kuwa, inda Larabci ne harshen aiki, ana kiran ta farko "ta'ashira", inshorar lafiya kuma "ta'amin sihhi". Waɗannan sunaye ne Bahaushen Wad Madani ko na Mai Wurno yake gani a takarda idan ya tashi fita waje. Wannan takarda za ta yi bayanin inda abubuwan biyu suke haɗuwa, wato sharaɗin da wasu ƙasashe ke gindaya wa mai neman zama a cikinsu, na ya nuna wanda zai biya kuɗin maganinsa idan ciwo ya kama shi. Tambayar da ake yi wa baƙo iri ɗaya ce a ko'ina, amma kowace ƙasa da wanda take ɗora wa wannan nauyi.

2.0 Hausawan Sudan da Hanyar Gabas

Hanyar aikin hajji ta ƙasa ita ce ta fara kai Hausawa Sudan. Mahajjata sukan yi shekaru suna tafe suna yada zango, su yi noma ko ƙodago don su tara guzurin gaba, wasu kuma su zauna ke nan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a. Sun kafa gari a bakin kogin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, wanda har yau ake kira da sunansa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gandun audugar Jazira, sai aikin gona da tsinkar auduga suka ƙara jawo mutanen yamma, ƙauyukan Hausawa suka yawaita.

Binciken lafiyar matafiyi ba sabon abu ba ne ga waɗannan mutane. Tun zamanin mulkin Ingilishi akwai wurin killace mahajjata a tashar jiragen ruwa ta Sawakin, inda ake duba su saboda cututtuka masu yaɗuwa. Abin da ya zo daga baya shi ne maganar kuɗi. A da likita yana tambaya ko matafiyi na ɗauke da cuta. Yanzu jami'in biza yana ƙara tambaya ko wa zai biya asibiti.

3.0 Abubuwa Uku da Ake Rikitawa

Mutane da yawa sukan ce "takardar lafiya" su haɗa abubuwa uku masu bambanci.

Na farko shi ne gwajin lafiya. Likitan da ƙasar da za a je ta amince da shi ne yake yin sa, ya ɗebi jini, ya ɗauki hoton ƙirji, ya duba katin allurar rigakafi. Manufarsa ita ce kare mutanen can daga cutar da baƙo zai iya shigo da ita.

Na biyu shi ne inshora. Yarjejeniya ce wadda mutum, ko wani a madadinsa, yake biyan kuɗi kaɗan a kai a kai, kamfani ko hukuma kuma ta ɗauki nauyin maganinsa idan ya kwanta ciwo.

Na uku shi ne lamuni, wato wani mazaunin ƙasar ya sa hannu cewa ya tsaya wa baƙon, ba zai bar shi ya zama nauyi a kan gwamnati ba.

Mutum yana iya cin gwaji amma a hana shi biza saboda rashin inshora, haka kuma yana iya sayen inshora mai tsada ya faɗi a gwaji. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

4.0 Inshorar Gida

Sudan ba baƙuwar inshora ba ce. A can ne aka kafa kamfanin inshora na Musulunci na farko a duniya a 1979, ƙarƙashin Bankin Musulunci na Faisal. Tsarinsa na taimakekeniya ne, wanda ake kira "takaful", inda kuɗin da kowa ya zuba yake zama gudummawa ga wanda tsautsayi ya faɗa wa. Wannan ya rage shakkun da wasu ke yi game da halaccin inshora.

Inshorar lafiya ta gwamnati kuwa an yi dokarta a 1994, aka fara aiki da ita a 1995 a jihar Sinnar, wato jihar da garin Mai Wurno yake. An fara da ma'aikata, inda ake cire kashi 4 cikin ɗari na albashi, wanda ya ɗauki ma'aikacin ya ƙara kashi 6. Mai kati yana biyan kashi 25 cikin ɗari na kuɗin magani, asusun ya biya sauran. Hukumar zakka takan biya wa wasu iyalai matalauta, sannan dokar 2016 ta nemi kowa ya shiga.

Abin lura shi ne wannan kati iyakarsa bakin iyakar Sudan. An yi shi ne don asibitocin cikin gida, saboda haka ba ya cika sharaɗin da ofisoshin jakadanci suke nema.

5.0 Saudiyya: Nauyi a Kan Mai Ɗaukar Aiki

Saudiyya tana cikin ƙasashen da 'yan Sudan suka fi zuwa neman aiki, kuma tsakanin Port Sudan da Jidda tsallaken Bahar Maliya ne kawai. Wanda ya shiga da bizar aiki yana zama ne da takardar izini da ake kira "iƙama", wadda ake sabuntawa lokaci lokaci, kuma tana ɗaure da "kafili", wato wanda ya ɗauko shi.

Kafin tafiya, sai ma'aikaci ya yi gwaji a ɗaya daga cikin asibitocin da ƙasashen yankin Gulf suka amince da su, a tsarin da a da ake kira GAMCA, yanzu kuma Wafid. Ana duba tarin fuka da ciwon hanta da cutar ƙanjamau da wasunsu. Wanda aka samu da ɗaya daga cikin waɗannan, yawanci tafiyarsa ta fasa.

Game da inshora, Saudiyya ta yi dokar inshorar lafiya ta haɗin gwiwa a 1999. Dokar ta ɗora wa kamfanoni masu zaman kansu nauyin saya wa ma'aikatansu baƙi inshora, tare da iyalan da ke ƙarƙashinsu, kuma ba a ba da iƙama ko sabunta ta sai inshorar tana aiki. Masu aikin gida ƙa'idarsu daban ce, don haka ya kamata mutum ya san rukunin da kwangilarsa ta faɗa. Abin da wannan yake nufi ga saurayin da ya sayar da shanu ko ya jinginar da gona don ya tafi aiki a kamfani shi ne, idan dillali ya ce ya kawo "kuɗin inshora", yana da hujjar tambaya, domin doka a kan kamfani ta ɗora wannan kuɗi. Matambayi ba ya ɓata.

6.0 Turai: Nauyi a Kan Mai Nema

A ƙasashen Shengen, mai neman bizar ziyara, wadda ba ta wuce kwana 90 ba, dole ne ya nuna inshorar tafiya da za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000. Dole ta shafi jinyar gaggawa da kuɗin mayar da mara lafiya ko gawa gida, kuma ta yi aiki a dukkan ƙasashen yankin har tsawon ziyarar. Wannan inshora ta baƙo ce mai wucewa. Wanda zai zauna, alal misali a Jamus, sai ya shiga cikakken tsarin inshorar ƙasar, domin tun 2009 doka ta wajabta wa kowane mazauni ya kasance da ita.

Birtaniya ta bi wata hanya. Tun watan Afrilu na 2015, mai neman bizar da ta wuce wata shida yana biyan harajin lafiya tare da kuɗin biza, sannan ya sami damar zuwa asibitocin gwamnati. An fara da fam 200 a shekara, ya koma 400 a 2019, ya koma 624 a 2020, sannan ya kai 1,035 a watan Fabrairu na 2024, yara da ɗalibai kuma fam 776. Ana biyan na dukkan shekarun bizar a dunƙule. Ke nan, a kan farashin 2024, bizar shekara uku ga babba ɗaya tana cin fam 3,105 tun kafin a sayi tikitin jirgi. Inshorar kamfani ba ta ɗauke wa mutum wannan haraji. Har ila yau, mazauna Sudan da Nijeriya suna cikin waɗanda ake nema su kawo shaidar gwajin tarin fuka.

7.0 Amurka: Sharaɗin da Ya Zo Ya Wuce

Bizar zama ta dindindin ta Amurka ana samun ta ne ta hanyar dangi, ko aiki, ko kuma ƙuri'ar nan da dokar 1990 ta kafa, mai ba da gurabe har 55,000 a shekara. 'Yan Sudan da dama sun shiga ta wannan ƙofa.

Tun 1882 dokar Amurka ta ba da ikon hana shiga ga wanda ake ganin zai dogara ga gwamnati. Daga nan ne lamuni ya samo asali. Dokar 1996 ta ce ɗan'uwan da ya nemi a kawo wani sai ya cika takarda mai lamba I-864, ya nuna cewa samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati. A shekarar ne kuma wata doka ta hana yawancin sababbin zuwa cin moriyar Medicaid, wato shirin jinyar marasa ƙarfi, sai sun yi shekara biyar. Gwajin lafiya yana nan, sai dai an cire cutar ƙanjamau daga cikin masu hana biza tun watan Janairu na 2010.

A ranar 4 ga Oktoba, 2019, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarni mai lamba 9945. Umarnin ya ce mai neman bizar zama sai ya nuna cewa zai sami inshorar lafiya cikin kwana 30 da shigarsa, ko kuwa yana da halin biyan kuɗin jinyarsa. Kwana ɗaya kafin ya fara aiki, wata kotun tarayya a jihar Oregon ta dakatar da shi, kuma Shugaba Joe Biden ya soke shi a ranar 14 ga Mayu, 2021. Soke umarnin bai taɓa tsohuwar ƙa'idar da ta faro tun 1882 ba, don haka jami'in biza yana da ikon auna shekarun mai nema da lafiyarsa da dukiyarsa. A watan Yuni na 2025 kuma gwamnatin Amurka ta sa Sudan cikin ƙasashe 12 da ta dakatar da ba mutanensu biza, in ban da 'yan rukunai kaɗan.

8.0 Yadda Yaƙi Ya Ƙara Nauyin

Yaƙin da ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya taɓa kowane mataki da aka ambata. Ofisoshin jakadanci sun rufe a Khartum a makonnin farko, aikin bizar zama ta Amurka ya koma Alƙahira. A watan Yuni na 2023 Masar ta wajabta wa dukkan 'yan Sudan neman biza, har mata da yara da tsofaffi waɗanda a da aka ɗauke wa. RSF ta kama Wad Madani a Disamba 2023, ta kama Sinja, hedkwatar jihar Sinnar, a Yuni 2024. Sojoji sun ƙwato Sinja a Nuwamba 2024, Wad Madani kuma a Janairu 2025. A tsakanin nan asibitoci sun lalace, iyalai da yawa sun gudu ba tare da fasfo ko katin rigakafi ba.

Sakamakon haka, mai nema daga ƙauyen Jazira yakan buƙaci bizar wata ƙasa kafin ya isa inda zai nemi wadda yake so. Takardar gwaji da ta inshora kowace tana da wa'adi, idan jira ya yi tsawo sai a sake biya. Akwai kuma bambanci ga wanda aka amince da shi a matsayin ɗan gudun hijira, domin Amurka ba ta auna shi da ma'aunin dogaro ga gwamnati.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa Saudiyya ta ɗora kuɗin jinyar baƙo a kan kamfanin da ya ɗauke shi, Jamus da Birtaniya sun ɗora a kan shi mai neman, Amurka kuma ta fi dogara ga ɗan'uwan da ya tsaya masa. Ƙa'idojin suna canzawa da canjin gwamnati, kamar yadda umarnin 2019 ya nuna. Saboda haka, kafin iyali su sayar da kadara, ya kamata su tabbatar da abubuwa uku daga ofishin jakadancin kansa: irin bizar da ake nema, takardar da ake bukata, da wanda doka ta ce ya biya.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Gindaya sharaɗi: sa ƙa'idar da dole a cika.
Ƙodago: aikin ƙarfi da ake biya kullum.
Killacewa: ware mutum daga jama'a don gudun yaɗa cuta.
Jingina: ba da gona ko wata kadara a riƙe a madadin bashi.
Wa'adi: lokacin da aka ɗiba wa abu kafin ya ƙare.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin gwajin lafiya da inshora da lamuni?
2. Me ya sa katin inshorar Sudan ba ya amfani a ofishin jakadanci?
3. A lissafa harajin lafiyar da miji da mata da ɗansu ɗaya za su biya Birtaniya don bizar shekara biyu, a kan farashin 2024.
4. A yi jimla ɗaya da kowace daga cikin waɗannan kalmomi: kafili, wa'adi, jingina.