Ranar da gola ya bar raga ya koma gida: hokin ƙanƙara a zamanin korona

Ka tuna 2020, lokacin da aka dawo da ƙwallon Turai filaye wayam, har kana jin ihun koci ta talabijin? To a daidai wannan lokacin, can a Kanada, an killace ɗaruruwan 'yan wasa a otal-otal, wasunsu har sama da wata biyu, ba mata ba 'ya'ya, don kawai a ƙarasa gasa. Ɗaya daga cikinsu ya tattara kayansa ana tsakiyar gasar ya tafi gida, jama'ar intanet kuwa suka yi masa ca. Labarinsa nake so mu duba, domin akwai abin da ya shafe ni da kai a ciki.

Bari mu fara da wasan kansa, don na san ba kowa ya taɓa kallo ba. Hokin ƙanƙara ɗan'uwan ƙwallon gora ne, sai dai a kan daskararriyar ƙanƙara ake yin sa. Kowane ɓangare mutum shida, har da gola. Suna sanye da takalma masu ƙarfe kamar kaifin wuƙa a ƙasa, suna sulɓi a guje, suna bugun wani ɗan baƙin faifan roba da sanda. Babbar gasarsa ita ce NHL, ta ƙungiyoyin Amurka da Kanada, kofin da ake kashe kai a kansa kuma sunansa Kofin Stanley. Yadda ka san Firimiya a gidajen kallonmu, haka hoki yake a Kanada.

Ranar 12 ga Maris, 2020, kwana ɗaya bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya, NHL ta dakatar da wasanni. Mutanen da suka saba rabin shekara suna jirgi da otal, sai ga su a falo, ga goyon yara, ga wanke-wanke. Mai buga ƙwallon ƙafa ko a tsakar gida zai ɗan taɓa. Shi kuwa ɗan hoki, ina zai samu ƙanƙara bayan an rufe filaye? Da yawa sai da suka koma tsere da takalmi mai taya a titin unguwa don kada ƙafa ta manta.

Amma fa ba su ne suka fi shan wahala ba. Ka yi tunanin mai yagar tikiti a ƙofa, da mai sayar da abinci, da mai share kujeru bayan an tashi. Yawancinsu sai an yi wasa ake biyan su, ranar da babu wasa babu ko sisi. Shi ya sa golan Florida Panthers, Sergei Bobrovsky, ya yi alƙawarin dala 100,000 ga ma'aikatan filin ƙungiyarsa. Kamfanin Bauer, mai ƙera kayan hoki, ya juya injinansa ya koma yin garkuwar fuska ta ma'aikatan asibiti. Hayley Wickenheiser, wadda ta ci wa Kanada zinare huɗu a gasar Olamfik, a lokacin ɗalibar likitanci ce tana koyon aiki a sashen gaggawa na asibitocin Toronto. Ta ga ƙarancin takunkumi da safar hannu da idonta, ta hau Twitter tana neman gudummawa, aka shiga tara kaya.

Da rani ya yi, NHL ta fito da dabara. Ƙungiyoyi 24 za su taru a birane biyu, Toronto da Edmonton. Kowace ƙungiya mutum 52 kacal za ta kawo. Aka kewaye otal da filin wasa da shinge, ba shiga ba fita, kullum sai an yi wa kowa gwaji. Suka shiga ranar 26 ga Yuli, aka fara wasa 1 ga Agusta. Kujerun 'yan kallo an lulluɓe su da tamfol, ihun da kake ji a talabijin kuma na na'ura ne.

Tun kafin a shiga, an bai wa kowa damar ya ce ba zai je ba, ba tare da hukunci ba. Travis Hamonic na Calgary Flames ya ce shi kam yana gida, saboda ƙaramar 'yarsa ta taɓa kwanciya asibiti da ciwon numfashi. Lars Eller na Washington Capitals ya shiga, ya fita da matarsa za ta haihu, da ya dawo sai da ya yi kwanaki shi kaɗai a ɗaki ana gwada shi kafin ya koma fili.

Sai kuma Tuukka Rask, ɗan ƙasar Finlan, golan Boston Bruins, wanda ya taɓa cin kyautar gwarzon gola a 2014. Ranar 15 ga Agusta, saura sa'o'i kaɗan a buga wasa na uku da Carolina Hurricanes, ƙungiyar ta sanar cewa ya fice. Bayaninsa gajere ne: a yanzu akwai abin da ya fi masa hoki muhimmanci, wato iyalinsa. Matarsa na gida da yara mata uku, ƙaramar jaririya ce 'yar watanni.

Ka san halinmu na 'yan soshiyal midiya. Kwana biyu kafin nan ya faɗa wa 'yan jarida cewa wasa ba 'yan kallo ji yake kamar wasan sada zumunta. Nan da nan aka haɗa biyu da biyu: ai dama ba ya so, rago ne, ya ci amanar abokan wasansa. Shugabannin ƙungiyar sun fito sun ce suna bayansa, amma wa ya tsaya saurara? Da Tampa Bay Lightning ta fitar da Boston a zagaye na gaba, wasu suka sake ɗora masa laifin.

Sai daga baya gaskiya ta fito. Matarsa ce ta kira shi a waya, ɗaya daga cikin 'ya'yan ba ta da lafiya, tana buƙatar likita cikin gaggawa. Shi kuma yana wata ƙasa, a bayan shinge. In kai ne, me za ka yi? Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗanda suka zage shi ba su san komai a kan wannan kiran waya ba, hakan kuma bai hana su danna "aika" ba.

Gasar ta ƙare ranar 28 ga Satumba, Tampa Bay ta doke Dallas Stars ta ɗauki kofi a Edmonton, a fili ba kowa. An yi gwaji sama da 33,000 a cikin killacewar, ba a samu ko mutum ɗaya da cutar ba. Ta fuskar lafiya kam an yi nasara. Amma wa ya biya kuɗin wannan nasara? An yi wa 'yan wasa alƙawarin iyalai za su zo a zagayen ƙarshe, dokokin kan iyaka suka hana mafi yawan waɗanda ke wajen Kanada. Matan da aka bari da yara a gida, makarantu a rufe, su ma aiki suka yi ba dare ba rana, sunansu kuma ba ya jikin kofin.

Dubi ɓangaren mata 'yan wasa ma. Gasarsu ta wancan lokaci, NWHL, ta gwada irin wannan killacewa a Lake Placid, jihar New York, a Janairun 2021. Albashinsu bai kai ya riƙe gida ba, don haka mafi yawansu suna da wani aikin da suke ci da shi, sai da suka nemi hutu ko suka tafi da kwamfuta suna aiki daga otal. Kuɗin tsare wurin bai kai na maza ba, cutar ta shiga, aka dakatar da gasar a farkon Fabrairu, sai a Maris aka ƙarasa.

Na san ƙila ba za ka taɓa taka ƙanƙara ba, ni ma haka. Amma ka san abokin da ya daina zuwa lakca ba bayani, ko wadda ta ajiye aiki kwatsam, ko ɗan ƙwallon da ya ƙi bin tawaga aka cika shafinsa da zagi. Kafin ka sa naka bakin, ka tuna Rask yana tsaye a ɗakin otal da waya a kunne. Abin da ke faruwa a gidan mutum ba ya fitowa a sanarwar layi biyu. In na kusa da kai ne, ka kira shi ka tambayi lafiyar gida. In kuwa wanda ba ka sani ba ne, ka ɗan jira, sau da yawa dalilin yana fitowa bayan mako biyu ko uku, lokacin da zagin ya riga ya isa inda zai isa.