Kumburin ciki bayan cin burodi: laifin alkama ne?

Jama'a masu karatu, a rangadin da muke yi na azuzuwan yaƙi da jahilci a gundumomin Madawa, Buza da Kaita, akwai kukan da muke yawan ji. Mutum ya ce: "In na ci burodi ko makaroni, sai cikina ya kumbura kamar ganga." Wasu har sun daina cin duk abin da aka yi da alkama. Shin sun yi daidai? Bari mu duba maganar a tsanake.

Yadda alkama ta shiga kwanonmu

Kakanninmu na Adar da hatsi da dawa da wake suka rayu. Sun san alkama, amma abincin biki ce: alkaki, taliya da finkaso. Yau abin ya sake. Da safe akwai burodi a teburin mai shayi. Da rana akwai fanke a kasuwa. Da dare akwai makaroni. Ƴan ci-rani ma sun komo gida da sabon ɗanɗano. Yawancin garin alkamar nan daga waje ake sayo shi. Shi ya sa ya yi tsada a shekarar 2022, lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, manyan masu sayar da alkama a duniya.

Alkama abinci ce mai kyau ga mafi yawan mutane. Amma akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta. Su kashi uku ne.

Kashi na farko: masu cutar siliyak

A cikin alkama akwai wani abu mai danƙo da ake kira gulutin. Ku kwaɓa garin alkama, ku wanke shi cikin ruwa. Abin da ya rage a hannu mai talewa kamar roba, shi ne gulutin. Akwai irinsa a cikin sha'ir.

Cikin hanjin mutum yana da ƴan ƙananan tsiro kamar gashin bargo. Su ne ke tsotse amfanin abinci su kai shi cikin jini. Ga mai cutar siliyak, gulutin yana sa jiki ya yaƙi kansa, tsiron nan su lalace. Sai mutum ya ci ya ƙoshi, amma abincin bai amfane shi ba. Alamunta su ne zawo mai daɗewa, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini da kasala. Yaro kuma ba ya girma yadda ya kamata. Cutar tana bin dangi. A duniya, kusan mutum 1 cikin 100 ke da ita.

Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da dalilinta. A yunwar da aka yi can a 1944 zuwa 1945, burodi ya yi wuya, sai yara masu wannan ciwo suka samu sauƙi. Da burodi ya komo, ciwon ya komo.

Kada mu ce cutar Turawa ce kaɗai. A 1999, likitocin Italiya sun auna yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, maƙwabciyarmu. Sun tarar da ita a jikin fiye da yara 5 cikin 100. Garin alkama na taimako shi ne babban abincin waɗannan sansanoni.

Maganin wannan cuta ɗaya ne: barin alkama da sha'ir har ƙarshen rayuwa.

Kashi na biyu: waɗanda jikinsu ke tashi nan take

Wasu da sun ci alkama, cikin ɗan lokaci sai ƙaiƙayi da borin jini su fito. Leɓe ko fuska su kumbura. In numfashi ya fara wuya, a garzaya da mutum gidan likita ba tare da jinkiri ba.

Kashi na uku: masu iskar ciki

Waɗannan su suka fi yawa. Hanjinsu lafiya lau yake. Sai dai a cikin alkama akwai wani irin sukari da hanji ba ya narkarwa. Yana wucewa babban hanji, ƙananan halittun da ke can su cinye shi, iska ta taru. Abin yana da damuwa, amma ba ya lalata hanji.

Ga abin lura gare mu manoman albasa na fadamun Maggiya da Tarka: irin wannan sukari yana da yawa a cikin albasa da tafarnuwa. Wake ma yana da nasa. Madara kuma tana kumbura cikin manya da yawa. To, wanda ya ci burodi da wake da ɗanyar albasa, ya kora da shayi mai madara, wa zai kama da laifi? Banda haka, tsutsar ciki da ruwa marar tsabta suna kawo kumburi.

Yadda za mu gane mai laifi

A nan karatunmu zai yi mana rana. Ku ɗauki littafin rubutu da alƙalami.

1. Mako ɗaya, ku rubuta abin da kuka ci kullum, da lokacin da cikin ya kumbura.
2. Ku bar alkama kaɗai har mako uku. Kada ku bar wani abu tare da ita.
3. Ku sake cin ta kwana uku, ku rubuta abin da kuka ji.
4. In babu bambanci, alkama ba ta da laifi. Ku gwada albasa, sa'an nan madara, ɗaya bayan ɗaya.
5. In kumburin ya tafi ya kuma komo tare da ita, ku kai wa likita littafin. Sau da yawa rage ta ya isa.

Waɗanda bai kamata su yi gwajin gida ba

Wanda ke rama, ko zawonsa ya wuce mako biyu, ko yana ganin jini a bayan gida, ko yana yawan amai, ya tafi gidan likita tun da wuri. Haka ma mace mai juna biyu. Haka ma yaron da cikinsa ya yi girma, ƙafafunsa suka kumbura, domin wannan alamar tamowa ce. Kada su bar alkama kafin likita ya gan su. In an daɗe da barin ta, awon jini na cutar siliyak ba zai nuna gaskiya ba.

In likita ya hana alkama

Kada hankali ya tashi. Rumbunmu cike yake da abin da ba shi da gulutin: hatsi, dawa, masara, shinkafa, wake, gujiya, rogo da dankali. Fura, tuwo, kunu da dambu da zogale duk sun halatta. Sai dai a kula da alkamar ɓoye. Wasu na zuba garinta cikin ɗan wake da masa, don haka a tambayi mai sayarwa. A karanta abin da aka rubuta a bayan ƙunshin biskit da dunƙulen miya. Mai cutar siliyak kada a niƙa masa hatsi a injin da ya gama niƙa alkama, kada kuma a soya masa ƙosai a man da aka soya fanke.

Jama'a, lafiya uwar jiki. Kada mu hana kanmu abinci a kan zato, kada kuma mu zauna da ciwo muna shan kanwa. Mu rubuta, mu gwada, mu nemi shawarar likita. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa.