Cire Tsohuwar Sitika A Kayan Silba: Man Gyaɗa Ya Ishe Ki, Ki Ƙyale Kananzir

A Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, irin su Madara da Chinade, idan aka yi wa amarya jere, ƙyallin kayan silba ne ke fara ɗaukar ido a kicin: kuloli, filas, tukwane, butar lantarki, murhun gas, wata ma har da firiji. Kowanne da sitikarsa a manne, ta kamfani da ta farashi. Ba a cika ɓare su nan take ba, don 'yan ganin ɗaki su shaida cewa kaya sababbi ne fil. Haka za a kwashe shekara ɗaya ko biyu. Kafin nan zafin watan Maris da Afrilu ya gasa gam ɗin, tururin girki ya jiƙa takardar, ƙurar hunturu ta zauna a gefe-gefenta. Ranar da uwargida ta tashi ɓarewa, sai saman takardar ya taho, danƙon ya tsaya, ya yi baƙi yana ta kama datti.

Shi wannan danƙo muni kawai yake da shi da tara ƙazanta. Abin tsoron yana cikin abubuwan da ake ɗaukowa don a kankare shi: kananzir, fetur, tina ta masu fenti, bilic, reza da soson ƙarfe. A nan ne garin neman gira ake rasa ido.

Me ya sa ba a son kananzir da fetur?

Gaskiya ne suna narkar da gam da sauri. Amma kicin wurin wuta ne, kuma tururin fetur yana kamawa ko da ashanar ba ta taɓa ruwansa ba. Warinsu kuma yana shiga robar murfin kula da ta ƙofar firiji, ya daɗe yana bin abinci.

Babbar damuwar ita ce yara. Yawanci a robar ruwa ko kwalbar lemo ake ɗebo kananzir, a ajiye a ƙasa ana aiki. Yaro ɗan shekara biyu da ƙishirwa ta dame shi ba ya bambanta shi da ruwa. Kananzir ba shi da kauri, don haka yana saurin zamewa ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kumbura huhun yaro. Alamunsa su ne tari, shaƙewa, numfashi sama-sama, zazzaɓi da yawan barci, wani lokaci kuma sai bayan awanni suke fitowa.

Idan tsautsayi ya faɗa, kada a sa wa yaro yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin aman ne ke ƙara tura kananzir ɗin cikin huhu. Kada a ɗura masa manja ko madara. Ba sa kashe dafin, sai ma su jawo aman da ake gudu. A cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke masa jiki da sabulu, a kai shi Asibitin Tarayya na Azare ko asibiti mafi kusa nan take, ko da an ga yana wasansa. A tafi da robar da ya sha daga cikinta don likita ya gani.

Bilic da soson ƙarfe suna kashe silba

Abin da muke kira silba ƙarfe ne da aka haɗa da sinadarin kuromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Tun da Harry Brearley ya haɗa irinsa a garin Sheffield na Ingila a 1913 ake yin wuƙaƙe da kayan girki da shi. Kuromiyom ɗin yana haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke hana tsatsa. Bilic irin su Hypo da Jik yana cin wannan fatar, ya bar ƙananan ramuka da tabo. Soson ƙarfe kuma yana karce ta, ya bar ɓurɓushinsa a jiki, daga baya ɓurɓushin ya yi tsatsa, uwargida ta ce an sayar mata da jabu. Ita kuwa reza, kartar da ta yi ba ta gyaruwa, ga yankan hannu.

Wani kashedi: kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal ko lemon tsami. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da ƙirji, musamman a ƙaramin kicin da ba taga.

Hanyar da ta fi sauƙi

Da farko ki zare wayar kayan daga soket, ki rufe tukunyar gas, ki bari komai ya huce.

Tukwane, kwanoni da cokula, ki jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na kamar minti 20. Firiji da buta da murhu da ba sa shiga ruwa, ki tsoma tsumma a ruwan zafi, ki matse, ki dafa a kan sitikar na 'yan mintuna. In kina da na'urar busar da gashi, ita ma tana tausasa gam.

Daga nan ki ɗaga gefe ɗaya da farce ko tsohon katin ATM, ki riƙa ja a hankali. Roba ba ta karce ƙarfe kamar wuƙa.

Danƙon da ya rage, ki shafa masa man gyaɗa ko kowane man girki, ki bar shi minti 15 zuwa 30. Mai yana ratsa gam ya sassauta riƙonsa, sai ki murza da tsumma mai laushi. In sitikar ta shekara biyu a wurin, wataƙila sai kin maimaita sau biyu ko uku. Ki duba jikin ƙarfen da kyau, za ki ga siraran layuka sun miƙe gefe guda. Ki riƙa bin su wajen gogewa, kada ki gitta.

In har yanzu akwai saura, ki ɗiga sifirit ko sanitaizar hannu a auduga ki goge. Sifirit yana kama wuta, kuma shansa yana iya makantar da mutum, don haka da kin gama ki rufe shi ki ɗaga sama. Firiji da yawa fenti ne mai launin silba, saboda haka ki fara gwadawa a lungun da ba a gani. Ruwan cire jan farce kuwa yana cin fenti da roba, gara a bar shi. A ƙarshe ki wanke wurin da sabulu, ki ɗauraye, ki tsane da busasshen tsumma.

Wadda ake cirewa da wadda ake bari

Sitikar da ke gindin tukunya ko cikin kwano, da ledar da ake naɗe sabon murhun gas da ita, a cire su tun kafin a ɗora a wuta, in ba haka ba su ƙone su manne, hayaƙinsu ya cika kicin.

Amma akwai takardar da ke bayan firiji ko ƙarƙashin buta, mai ɗauke da lambar kaya da ƙarfin wutar da suke ja. Wannan a bar ta. Da ita mai gyara ke sanin abin da zai sayo, da ita mai haɗa sola ko janareta ke lissafin nauyin da zai ɗora, kuma ita kamfani ke nema in za a yi maganar garanti. Firiji da yawa na yanzu suna aiki da iskar R600a mai kamawa da wuta, kuma alamar gargaɗin tana manne a baya don mai gyara ya gani kafin ya kunna wutar walda.

Iyaye mata da ƙannen uba masu yin jere, da an gama ganin ɗaki a ɓare sitikun nan tun gam ɗinsu yana ɗanye. A lokacin farce kawai ya isa. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu.