Kayan da Django ya ɗauka da waɗanda ya sauke

A shekarar 2003 ne Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara rubuta Django a ofishin jaridar Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas ta Amurka. Harsashi ne da ake ɗora manhajojin intanet a kansa da harshen Python. Aikin jarida ba ya jira, shi ya sa suka haɗa masa kayan yau da kullum: hanyar ajiya a rumbun bayanai, rajistar masu shiga da kalmar sirri, da shafin gudanarwa inda edita zai sa labari da kansa. Flask kuwa, wani harsashin na Python wanda Armin Ronacher ya fitar a 2010, ɗan kaɗan yake bayarwa, sauran ka nemo da kanka.

To, me ya cancanci zama a cikin uwar manhajar Django? Kowa na son a sa abin da ya dame shi. Sai dai duk abin da ya shiga ya zama amana a wuyan masu kula da ita, waɗanda akasarinsu aikin sa kai suke yi. Su za su gyara shi, su toshe ɓarakarsa, shekara da shekaru, ko da wanda ya kawo shi ya kama gabansa.

Sashen localflavor ya nuna nauyin nan ƙarara. Lokacin da yake cikin Django, aikinsa shi ne duba ko lambar waya ko ta gidan waya da aka rubuta ta dace da tsarin wata ƙasa. Yana da amfani ƙwarai. Amma idan wata ƙasa ta sauya tsarin lambobinta, yaya mai kula da ke wata nahiya zai tabbatar gyaran da aka aiko masa daidai ne? Ko ya karɓa, sai an jira fitowar sabon Django kafin gyaran ya isa ga mutane. A 2013 aka fitar da sashen waje ya tsaya da ƙafarsa, kuma a ganina an yi daidai.

Wani kayan kuma daga waje ya shigo. A 2008 Andrew Godwin ya rubuta South, mai sauya fasalin rumbun bayanai ba tare da bayanan sun salwanta ba. Shekaru jama'a suna aiki da shi, suna gano kurakuransa, har ya zama kusan kowa sai ya ɗauko shi. Sannan Godwin ya tara kuɗi ta shafin neman gudummawa na Kickstarter, ya sake gina aikin a cikin Django 1.7 a 2014.

Tsaro ne kaɗai ba na yarda a bar wa zaɓi. Sabon maƙerin manhaja bai san akwai harin da ake aika umarnin bogi da sunan mai amfani ba, balle ya nemi maganinsa. Django na kunna wannan kariyar tun ranar da aka buɗe sabon aiki.