Naso: Abin da ke sanyaya randa shi ke gurɓata rijiya

Ku shafa jikin sabuwar randa da tsakar rana. Za ku ji damshi, alhali ba ta tsage ba, ba ta huje ba. Wannan shi Bahaushe ke kira naso, kuma ya sha bamban da yoyo. Yoyo yana da ƙofa, ana ganinta a liƙe. Naso kuwa ta 'yan ƙofofin da ido ba ya gani yake bi, waɗanda ke cikin jikin abin. Shi ya sa ake cewa bango ya yi naso da damina, ko mai ya yi naso a takardar ƙosai. Har 'yan jarida kan ce rikici ya yi naso zuwa maƙwabciyar jiha, wato ya ratsa a hankali ba a ankara ba.

A jikin randa, naso alheri ne. Ruwan da ya tsattsafo waje iska ke busar da shi, sai ya tafi da zafin, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Roba ba ta naso, shi ya sa ruwan jarka ke ɗumi. Da wannan hikimar Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya suka riƙa daɗewa ba su lalace ba. Aikin ya samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

Sai dai ƙasar tsakar gidanku ma tana naso. Yumɓu na riƙe ruwa, amma yashi da tsakuwa nan da nan yake ratsa su. Idan masai ko sokawe na kusa da rijiya, ƙazanta kan bi ƙarƙashin ƙasa ta isa ruwan, ɗauke da ƙwayoyin kwalara da taifot. Ruwan zai fito garau, ba wari, yara su sha. Haɗarin ya fi yawa a wuri irin Legas, inda ruwa ke kusa da saman ƙasa, gidaje kuma a cunkushe.

Masana tsaftar muhalli sun ba da ƙa'ida: a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kimanin taku 40 na babban mutum, kuma masai ya kasance ta gangare, ba ta saman rijiya ba. In gidan haya kuke, ba yadda za ku yi da ginin, to ku tafasa ruwan sha ko ku sa masa maganin kulorin yadda aka rubuta a jikinsa. A daɓe bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi. Ku tuna randa sanyaya ruwa take yi, ba ta kashe ƙwayoyin cuta. A riƙa wanke ta, a rufe, a keɓe mata moɗa mai mariƙi.

Bangon da ya yi naso shi ma kada a raina shi. Yana tara fumfuna, wadda ke tayar wa yara asma da tari. Ku janye gado daga jikinsa, ku riƙa buɗe taga, ku matsa wa mai gida ya gyara.

Ranar da za ku je duba sabon gida, kafin ku tambayi kuɗin haya, ku ƙirga taku daga bakin masai zuwa bakin rijiya.