WAD HADDAD: ƘARAMAR TASHA MAI DOGON TARIHI

'Yan'uwa fatake, duk wanda ya bi hanyar Madani zuwa Sinnar ya ratsa Wad Haddad, ɗan gari a yammacin kogin Nilu Shuɗi. Ma'anar sunan da Larabci ita ce "ɗan maƙeri".

Dogo ne ya ɗaga garin. Turawan Ingila sun shimfiɗo shi daga Khartum zuwa Madani a 1909, ya bi ta nan ya kai Sinnar, ya isa El Obeid a 1912, sannan Nyala a 1959. Daga nan shanun Darfur suka soma shiga tarago maimakon watanni a ƙasa.

Mutanenmu kuwa hajji ya kawo su. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa Mai Wurno kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, auduga ta buɗe a Jazira, maniyyata suka tsaya neman guzuri. Wasu har yau jikokinsu ne ke nan tare da Larabawan garin, ana noma, ana kiwo.

To, yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya iso Jazira a Disambar shekarar, mutane suka watse, dabbobi da yawa suka salwanta. Soja sun karɓe Madani a Janairu 2025. Don haka kafin mu koro garke, mu fara tambayar mutanenmu na can labarin hanya, ruwa da anguriya. Kada mu sayi sa sai mun san mai shi.

Allah Ya kawo zaman lafiya, amin.